Kowane Aiki da Fangalinsa: Yadda Mai Harka Zai Yanka Yininsa

Wata rana ana gobe kasuwa na zauna da hantsi a rumfar wani babban ɗan kasuwar hatsi a Gummi, mutum mai sito biyu da yara fiye da goma a ƙarƙashinsa. Ya jawo littafin bashi ya buɗe, ya ce yau kam sai ya san nawa yake bin mutane. Bai kai layi na huɗu ba waya ta yi ƙara: direban da ya ɗauko masa kaya yana Daki Takwas, taya ta fashe. Yana ajiye wayar wani dattijo ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna.

"Alhaji, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Sai da aka gama gaisuwa tsaf, aka taɓa zancen ruwan bana, sannan dattijon ya kawo maganar auren jikarsa. Kafin ya tashi yaro ya leƙo: "Maigida, buhunan da aka kawo guda shida sun huje, a karɓa?" Bayansa mai awo, bayan mai awo wani ɗan'uwa da ke son a sa baki a rigimar gona. Aka kira azahar. Alhaji ya rufe littafin da biro a tsakiyarsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga yadda nake kullum."

Babu mai cewa wannan mutum rago ne. Tun asuba yake a tsaye. Abin da ya same shi, duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar gulbin Zamfara zai gane shi. In ka tayar da inji, ruwa ya biyo hanya, bakin fangali ɗaya kake buɗewa, ka toshe saura da fartanya. In ya ƙoshi ka toshe shi, ka fasa na gaba. Wanda ya buɗe su duka a lokaci guda zai ga ko'ina ya jiƙe, amma in ya tona da yatsa ƙasan a bushe take, mai kuma ya ƙare. Dabarar da nake son bayyanawa ita ce wannan ɗin, a kan lokaci: ka yanka yininka gida-gida tun kafin ya fara, kowane gida ka ba shi aiki guda, in ka shiga gidan ka toshe sauran.

Ya kamata a bambanta wannan da jerin ayyuka, don mutane da yawa suna rubuta jeri su ce sun yi tsari. Jeri yana gaya maka abin da za ka yi ne kawai, ba ya gaya maka yaushe, ba ya kuma gaya maka ko yinin zai ɗauka. Kana iya jera abu ashirin a takarda, takarda ba ta gardama. Amma in ka ce kowanne sai ka nuna masa wurin zamansa tsakanin asuba da lisha, nan take za ka ga goma sha biyu ba su da masauki. Wannan ganin shi ne amfani na farko, gara ka sani da dare da ka gano da la'asar sakaliya.

Turawa sun yi rubutu da yawa a kai. Peter Drucker, a littafinsa na 1967 kan shugaban da aikinsa ke ci, ya ce a fara da rubuta inda lokaci ke tafiya, a zubar da abin da ba ya da amfani, sannan a tattara ragowar ya zama manyan dunƙule. Cal Newport, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Georgetown ta Amurka, ya sake yayata dabarar da littafinsa na 2016. Mu dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi sukutum a Ihya'u kan yadda ake raba yini da dare kashi-kashi, kowane kashi da abin da ake yi a cikinsa. Makarantar allo ma haka take: akwai karatun safe, na yamma, na dare, akwai lokacin wanke allo da rubutu, Alhamis da Juma'a kuma hutu. Mun taso a cikin tsarin, sai da muka shiga kasuwa muka bar shi a zauren malam.

Fara da awo

Kada ka zana komai a makon farko. Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ka sa a aljihun gaba. Bayan kowace salla, kafin ka tashi daga sahu ko da zarar ka koma rumfa, rubuta layi biyu: me na yi daga waccan sallar zuwa wannan, kuma wa ya katse ni. Kada ka bari sai dare, ƙwaƙwalwa tana yi wa mai ita kara. Za ta ce maka ka yi awa biyu kana lissafi, alhali minti ashirin ne a warwatse.

Bayan kwana bakwai zauna ka karanta da jan biro. Abu uku kake nema. Na farko, aikin da in ba kai ba babu mai yinsa: yanke farashin da za ka saya, duba littafi, magana da babban mai ba ka kaya, shawarar ko za a saki abin da ke sito ko a jira. Na biyu, aikin da yaronka zai iya amma kai kake yi saboda sabo, kamar ƙirga buhu ko neman 'yan dako. Na uku, abin da bai kamata kowa ya yi ba. Galibi mutum yakan tarar kashi na farko, wanda shi ne ke kawo riba, shi ya fi kowanne samun ɗan lokaci.

Turaku biyar

Bature yana yanka yininsa da agogo, yana kuma shan wahalar tuna iyakokin da ya sa wa kansa. Kai an riga an kafa maka turaku biyar, ladan kuma yana tuna maka da lasifika ba tare da ka biya shi ba. Saboda haka kada ka ƙirƙiro wasu iyakoki, ɗaura a kan waɗannan.

Daga sallamar asuba zuwa hantsi, wajen ƙarfe takwas ko takwas da rabi, shi ne fangali mafi tsada a yininka. Kai a sake yake, gari bai yi zafi ba, masu neman ka ba su fito ba. A littattafan hadisi an ba da labarin sahabi Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwar da ke tura hajarsa da farkon yini, dukiyarsa kuma ta yawaita. Nan za ka sa aikin da ke buƙatar tunani, kuma guda ɗaya tak. Kada ka rubuta "lissafi", kalmar ta yi faɗi, za ka zauna kana juya takardu. Rubuta "haɗa bashin masu shinkafa na watan jiya" ko "kwatanta kuɗin mota da ribar kai kaya Gusau". Yi shi a gida, a ɗakin da ba a shigowa, ba a rumfa ba. Wayar kuma a bar ta a kashe ko a wani ɗaki. Na san wannan shi ne wurin da za a ce min ba zai yiwu ba. Gwada awa ɗaya na kwana uku ka ƙirga kiran da ka rasa wanda da gaske ya jawo asara.

Akwai dalilin da ya sa katsewa ke da tsada fiye da mintocin da ta ci. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale a na farkon. Kiran minti biyu kan tayar da ta fashe ba ya ƙarewa da ajiye waya. Ka koma littafi, idonka a kan lambobi, zuciyarka tana Daki Takwas. A nan ake tsallake sifili.

Daga hantsi zuwa azahar na harka ne: rumfa, sito, awo, banki, yara. Nan ma kada ka bar shi a buɗe baki ɗaya. Minti goma sha biyar na farko na yaranka ne, a tsaye, kowa ya ji aikinsa na yau, kowa ya faɗi abin da ya maƙale masa. Duk tambayar da aka amsa a nan, kira ɗaya ne aka rage maka da rana. Ƙananan abubuwa masu kama da juna kuma a tara su wuri guda: duk tura kuɗi a zama ɗaya, duk kiran da za ka mayar a zama ɗaya, saƙonnin WhatsApp sau biyu ko uku a yini, ba duk lokacin da wayar ta yi tsuwa ba.

Tsakanin azahar da la'asar, musamman a bazara, a watannin Maris da Afrilu da zafin wannan yanki ke narka mutum, kada ka yaudari kanka da babban aiki. Abinci, ƙailula, sai aikin da hannu ke yi ba kai ba. Wanda ya sa lissafin miliyoyi ƙarfe biyu da rabi na rana bayan ya ci tuwo, shi ya so.

Mutane

Littattafan Turawan da na ambata an rubuta su ne don mai ofis da ƙofa da sakatare. Mai harka a Gummi ko Anka ko Bukkuyum rumfarsa ba ta da ƙofa, kuma ko tana da ita ba zai rufe ba. Dattijon da ya zo da maganar jikarsa ba ɓata lokaci ba ne. Shi ne zai gaya wa ƙauyensu wa za a kai wa gero da kaka. Arzikin ɗan kasuwa a nan jama'a ne, bashi ma da amana ake bayar da shi, ba da takardar lauya ba. Duk tsarin da zai sa a fara cewa Alhaji ya yi kuɗi ya daina ganin mutane, asara ce komai kyansa a takarda.

Maganin shi ne mutane su ma a ba su nasu fangalin, babba, sananne, wanda ba ya motsi. Dubi fada. Sarki yana da lokacin fitowa zaman fada, kowa ya san shi, mai ƙara da mai gaisuwa sukan daidaita zuwansu da shi, ba wanda ke jin an wulaƙanta shi don bai ga sarki da asuba ba. Abin da ke ɓata wa mutum rai ba jira ba ne, rashin sanin yaushe ne. Ni na fi son bayan la'asar zuwa kusan magariba: rana ta yi sanyi, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko gaban rumfa, a kawo ruwa, wayar tana aljihu. Wanda ya zo a wannan lokaci ya same ka gaba ɗaya, ba rabinka ba.

Sai dai tsarin ba zai zauna ba sai ka koya wa yaronka abin da zai faɗa. Kada ya ce "ba ya nan" kana nan, ƙarya ce, kuma gari ƙarami ne. Kada ya ce "yana da aiki", kamar mai zuwan ba shi da nasa. Ga irin abin da na ji wani yaro mai hankali yana faɗa, na kuma yaba:

"Sannu da zuwa, Baba. Maigida yana ciki kan lissafi, amma bayan la'asar yana zama a nan ƙofar gida, in Allah ya yarda. In abin na gaggawa ne in shiga in gaya masa yanzu."

Ya girmama shi, ya gaya masa gaskiya, ya ba shi lokaci, ya kuma bar masa ƙofa. Mafi yawa za su ce a bari sai la'asar ɗin. Makonni biyu ko uku na farko za a yi ƙorafi, har a gida. In aka ga kullum bayan la'asar kana nan ba fashi, gari zai saba, har mutane su riƙa gaya wa juna. In kuwa ka saɓa sau biyu a jere, ka rushe abin da hannunka, za a koma tare ka a bakin masallaci.

Akwai waɗanda ba a sa wa lokaci: mahaifa, malaminka, surukai, saƙon fada. Waɗannan in sun zo ka tashi. Ka san su tun farko, yaronka ma ya san su, kuma kada jerin ya wuce yatsun hannu.

Game da yara, abin da ke sa su katse ka shi ne tsoron yanke hukunci. Sa musu iyaka da lamba. Ka ce wa babban yaronka: ragi in bai wuce kaza a buhu ba, yanke da kanka, kashe kuɗi in bai kai kaza ba, biya ka rubuta, bashi kuwa ko na kwano ɗaya sai da ni. Zai yi kuskure. Ranar da ya yi, in ka tsawata masa a gaban mutane, gobe zai dawo da tambayar buhu shida da suka huje.

Fangalin da ba a shuka komai

Kuskuren kowane sabon shiga shi ne cika takarda dam, daga asuba zuwa lisha ba tazara. Irin wannan tsari ba ya kai hantsin Litinin. A garinmu ana sanar da rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, kuma ba a aika wakili zuwa jana'izar maƙwabci. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga wuta da ke ɗaukewa kana tsakiyar niƙa, ga tura kuɗin da ya maƙale. Waɗannan ba tsautsayi ba ne, su ne yanayin wurin. Bar aƙalla awa ɗaya da rabi kullum ba komai a cikinta, wajen walaha ya fi, don yawancin abin da ke faɗowa kafin nan ya bayyana. In ba abin da ya faɗo, riba ce.

Ƙiyasinka kuma ƙara masa rabi. Abin da ka ce awa ɗaya, ba shi awa ɗaya da rabi, har sai littafin aljihunka ya nuna maka ainihin abin da yake ci. Amma kada ka sake masa linzami, domin kamar yadda wani marubucin Ingila, Northcote Parkinson, ya lura a 1955, aiki yakan kumbura ya cika duk lokacin da aka ba shi. Taron da aka ce daga azahar zuwa la'asar, sai an kira la'asar zai tashi ko da maganar ta minti ashirin ce.

In yini ya rushe, kada ka ce shi ke nan sai gobe. Bayan sallar da ke gaba ɗauki biro, soke abin da ya wuce, sake yanka abin da ya rage. Kana da dama biyar a yini ta sake farawa. Abin da ba ka yi ba kuma ba ya komawa jeri, sai ka ba shi rana da lokaci. In ka ɗaga abu sau uku, ka tsaya ka tambayi kanka: ko dai ba shi da muhimmanci, ko tsoronsa kake ji. Neman bashi a wurin ɗan'uwa yawanci a nan yake faɗawa.

Mako da shekara

Mako yana juyawa ne a kan ranar kasuwa. Ita kam ba a yanka ta, fangali ɗaya ce daga safe har yamma, kada ka sa mata komai. Ana gobe kasuwa na shiri ne: kuɗi a hannu, buhuna, mota, farashin da ba za ka wuce ba. Washegarin kasuwa na lissafi ne, tun abin yana ɗanye a kai. Alhajin da na ba da labarinsa ya zaɓi ranar da ta fi kowace cunkoso don buɗe littafin bashi, ba mamaki bai wuce layi huɗu ba.

Tafiya ita ma rana guda take ci, kada ka yi mata lissafin awa. Da halin tsaron da hanyoyin yammacin Zamfara ke ciki, mai zuwa Gusau ta Anka yana fita ne bayan gari ya waye sosai, yana kuma son ya sauka da sauran rana. Saboda haka tara duk abin da ke kai ka can, banki, ma'aikata, mai ba ka kaya, asibiti, ka yi su a zuwa ɗaya.

Shekara kuma tana da nata fasalin. Da kaka mai hatsi ba ya da safiya, awo ya cinye ta, sai ya mayar da lissafinsa bayan lisha na 'yan makonni. Da damina gona tana karɓar hantsi. A azumi komai yana juyewa: bayan asuba barci ke rinjaye, la'asar ta tafsiri ce, mutane kuma sai bayan asham. Zauna ka sake zana yininka a farkon kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ja tsarin rani zuwa cikin damina.

Wasu za su tambaya ko a yi amfani da waya. Google Calendar yana yi, yana ma tuna maka. Ni dai takarda nake ba mutanen nan shawara. Wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar aka kuma dakatar da kasuwannin mako, ya san yadda harkar da ta jingina da waya ke tsayawa cik. Ban da haka, wayar da za ka buɗe don duba tsari ita ce ke ɗauke da saƙo arba'in suna jiranka.

Shafi ɗaya ya isa kowace rana. Bayan lisha, kafin hira da iyali, ja layi biyar a kwance, rubuta sunan salla a kan kowanne, ka ƙara layin hantsi tsakanin asuba da azahar. A gidan farko sa aikin gobe guda ɗaya da cikakken sunansa, a na biyu kewaye awa ɗaya da rabi ka bar ta fara, a na huɗu rubuta "ƙofar gida". Littafin da za ka buƙata da asuba ɗauko shi daga rumfa tun yau, ka ajiye shi a buɗe a shafin da za ka fara, biro a kai. Wayar kuma ka kai ta caji ɗakin uwargida.